Sabuwa da Mai Kiwon Ɓeraye

A kasuwar Funtua Aƙilu ya fara ganin Sabuwa, shekara uku bayan samun 'yancin kai, tana awon gyaɗa a rumfar Innarta. Ya sayi mudu biyar, ya kasa tafiya.

"Malam, duk wannan na iyali ne?"

"Ban yi iyali ba tukuna. Na ɓerayena ne."

Ta rufe baki da mayafi tana dariya. Alhali gaskiya ya faɗa. A wani ɗakin bincike yake aiki a Zariya, yana kula da 'ya'yan fararen ɓeraye. Wasu a sa su gudu kullum cikin ƙarfe mai juyawa, wasu a bar su kwance, daga baya likitoci su auna zuciyarsu.

Tun daga ranar, jirgin ƙasan Asabar mai zuwa Funtua bai ƙara barinsa ba. Yana kiranta 'Yar Gyaɗa, tana kiransa Malamina.

Sai Shitu direban lori, wanda ya daɗe yana sonta, ya kai wa mahaifinta Malam Gwadabe tsegumi, wai yaron tsafi yake da zuciyar ɓera.

"Ni ɓera na cinye min rumbu, shi yana ba shi gyaɗa! Kada in sake ganinsa a ƙofar gidana," in ji Malam Gwadabe.

Sati uku Sabuwa ba ta leƙa kasuwa ba. Ran nan Inna ta miƙo mata wasiƙa, ta karanta da bokon da ta koya a ajin yaƙi da jahilci:

"'Yar Gyaɗa, wallahi ba tsafi ba ne. So muke mu gano abin da ke ƙarfafa zuciyar yara. Ki roƙi Baba ya zo ya gani. In ya ga haram, na haƙura, ko da zan rame. Naki, Aƙilu."

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ko sa ba ka saye sai ka duba haƙoransa. Don Allah ka je ka duba."

Tsoho ya hau jirgi zuwa Zariya, har ɗakin binciken.

"Waɗanda suka tashi da gudu, Baba, zuciyarsu ta fi ƙarfi," in ji Aƙilu.

Malam Gwadabe ya daɗe yana kallon ɓeran da ke gudu. "A kan wannan kuka tara likitoci? Ai da kun tambaye ni. Ɗan da ya tashi da fartanya ba ya haki." Ya kece da dariya. "Wauta na gani, ban ga tsafi ba. Turo magabatanka."

Bayan tsinkar auduga aka ɗaura aure. A tasha, tsohon ya kama hannun ango.

"Amana na ba ka, Aƙilu. Allah ya yi muku albarka."

Jirgi ya motsa, Sabuwa na kuka cikin lulluɓi.

"Yi haƙuri, amaryata. Da ƙaramar salla zan kawo ki gida."

"Ka yi alkawari?"

"Na yi."

Ta share hawaye, ta matso kusa da shi.