Kan Kadan Zayyanu

"Wallahi in na ga ƙashin mutum ko ɗaya, an gama maganar auren nan!"

Baffa Jibrin, ƙanin mahaifin Khairiyya, ya faɗa a ƙofar gidan adana kayan tarihi. Khairiyya na tsaye a bayansa. Tun daga Kano suka taho Sakkwato saboda ɗakin nan kawai.

Duk Nafisa ce ta ƙulla, ƙawarta da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Zayyanu, saurayin Khairiyya mai aikin tono kayan tarihi. Ta tura wa dangi hotonsa cikin rami a Wurno, rungume da wani ƙoƙon kai, ta ce ga angonku mai tonon kabari. Kafin la'asar, dangin da ko ganinsa ba su taɓa yi ba sun gama rantsuwa tsafi yake yi.

Zayyanu ya fito ya durƙusa.

"Baffa, ku shigo ku ga abin da munka tono."

Baffa ya shiga da ƙafar dama, carbi a hannu, bakinsa na motsi. Khairiyya na biye.

Cikin akwatunan gilashi ga haƙoran kifi, ga bayan kunkuru da ya zama dutse. Can ƙarshe ga ƙoƙon kan hoton, sai dai da wani dogon baki cike da haƙora, wanda Nafisa ta yanke daga hoton.

"Kan kada na, Baffa. Can da, wurin ga duk teku na."

"Teku? A Sakkwato, da wannan zafin?"

Baffa ya sa tabarau, ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can.

"Kai... ko cikin maƙiyana babu mai irin wannan bakin!"

Nan take ya kira mahaifin Khairiyya a waya.

"Yaya, a sa rana. Yaron nan ba tsafi yake ba, wahala ce kawai ya ɗorar wa kansa."

Khairiyya ta jingina da bango, hawayen farin ciki na zuba.

"Sanyin idona," Zayyanu ya ce ƙasa-ƙasa, "ke ma kin yarda da maganar Nafisa?"

"Na ji tsoro... amma da na yarda, da ban roƙi Baffa mu zo ba."

"Alhamdulillahi!" in ji Zayyanu.

"Kai, Zayyanu!" Baffa ya ƙwala kira yana gyara hula. "Zo ka ɗauke ni hoto da kadan nan. Amma ka tabbata bakin ya fito duka!"