Farin Faranti a Kan Bel

Ranar sha uku ga Agusta, daf da faɗuwar rana, na fito da kwanon gishiri don in sabunta ƙananan tsibin nan biyu da muke ajiyewa a bakin ƙofa. Ruwan da aka yini ana yi ya wanke na safe. Shekara talatin da ɗaya ina aiki a shagon sushi, wato dunƙulen shinkafa da ɗanyen kifi, a cikin tashar jirgin ƙasa ta garinmu, ina wanke faranti, ina zuba shayi, kuma ban taɓa barin ƙofar nan babu gishiri ba, don shi ke hana abin da ba a gayyata ba shigowa. Na durƙusa ke nan sai jirgin biyar da arba'in ya tsaya, na ji an ce, "Kaka."

Jikata ce Mitsuyo, daga birnin Sendai, da cikinta wata biyar, tana jan akwati da hannu ɗaya. Na dire kwanon a kan benci na karɓi akwatin. Ban koma kan gishirin ba. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

"Da wannan takalmin kika hau jirgi? Da ciki?" na ce.

"Ko sannu da zuwa babu, tsohuwa? Yunwa nake ji."

Shagonmu ƙarami ne. Kujera goma sha huɗu ce kewaye da kanta, bel yana zagayawa a gabansu ɗauke da farantai, ya shige ta ƙarƙashin wani ɗan labule zuwa kicin, ya sake fitowa ta ɗaya gefen. Genzo, mai haɗa abincin, shi ne a tsakiya yana dunƙula shinkafa. Ya ɗago ya ga Mitsuyo ya washe baki.

"'Yar birni ta sauka. Zauna, 'yata, kafin kakarki ta ci mu tara. Yau da safe ni kaina ta sa na sake wanke hannu."

"Da ka wanke da kyau tun farko da ban yi magana ba," na ce. Na zaunar da ita a kujera ta biyu daga ƙarshe, na shiga kicin in ɗebo mata shayin sha'ir, tun da mai ciki ce.

Daren farko na Obon ne, lokacin da matattu ke dawowa gida. Wanda yake da dangi, an kunna masa wuta a ƙofa, an ajiye masa shinkafa. Amma rabin gidajen garinmu a kulle suke, 'ya'ya sun tafi birni. Masu irin waɗannan gidajen sukan sauka a tasha su rasa inda za su nufa. Saboda su ne tsohon mai shagon ya kafa doka tun kafin a ɗauke ni aiki. Da magariba, a kwanaki huɗun nan na Obon, ana ɗora farin faranti guda a kan bel, da dunƙulen shinkafa biyu, ba kifi, ba yaji. Ba mai taɓawa. Yakan zaga sau uku, a na huɗu ya fito wayam. Kujerar ƙarshe, ta jikin labule, ba a zaunar da kowa a kanta. Duk ɗan garin ya san haka. Mitsuyo a birni ta tashi.

Ina fitowa da kofin na ga tana taunawa.

"Duk ɗanyen kifi ne ke wucewa, likita kuma ya hana ni," ta ce. "Sai wannan na samu. Amma Kaka, shinkafar ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. Kamar toka."

"Ina farantin?"

"Na mayar. Guda ɗaya kawai na gutsura."

Na dubi bel. Ga shi can yana tafiya, dunƙule ɗaya cikakke, ɗaya da shaidar haƙoranta. Ko yaron goye ya san farantin da ka ɗauka ba ka mayar da shi kan bel. Da wata rana ce da ta sha faɗa. Ranar farantin kawai na bi da ido.

Genzo ya miƙa hannu zai cafke shi. Bai kai ba. Farantin ya shige ƙarƙashin labule.

"Iya Shigeko," ya ce da ƙaramar murya, "kin zuba gishirin?"

Sai a lokacin na tuna kwanon da na bari a kan benci.

Baƙi uku da suka rage suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kamar an kira su a waje. Ruwa ya tsaya. Kukan ƙwarin da ke cikin itatuwan bayan tasha ya ɗauke lokaci guda. Ba abin da ake ji sai ƙarar bel, ƙir, ƙir, ƙir, da farantai suna ɗan gogar juna.

Sai ƙararrawar mahaɗar titi da layin dogo ta fara bugawa. Na san jadawalin tashar nan fiye da sunayen jikokina. Ba jirgin da ke zuwa kafin shida da rabi.

Ba mu ji tsayuwar jirgi ba. Ƙofar shago ce kawai ta zuge da kanta.

Warin da ya shigo ba na kifi ba ne. Warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba ne, da jiƙaƙƙiyar tabarma, da turaren da ya mutu tun tuni. Sanyi ya bi ƙafafuna. A kan siminti na ga sawun ruwa yana fitowa, ɗaya, ɗaya, har zuwa kujerar ƙarshe. Kujerar ta yi ƙara.

Da na ɗaga ido, yana zaune. Tsoho ne siriri, da tsohuwar riga ruwan toka, ya ɗora gefen dama a kan na hagu, yadda ake sa wa gawa. Ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Fuskarsa ba ta da muni. Fuskar wanda ya daɗe yana jira ce.

Farin farantin ya fito daga labule ya tsaya a gabansa. Bel na tafiya, sauran farantai na wucewa, shi kaɗai ya tsaya.

Ya dubi gutsurarren dunƙulen. Ya juya a hankali ya dubi Mitsuyo.

"Ashe ina da dangi," ya ce. Muryar kamar daga ƙasan rijiya. "Mun ci faranti ɗaya."

"Mitsuyo, tashi," na ce.

Ba ta ji ni ba. Idonta a buɗe, amma ba ni take gani ba. Hannunta na hagu ya zame daga kan cikinta.

Tsohon ya zaro tsinken cin abinci. Ya ɗauki ragowar shinkafar da shi, ya miƙa mata.

"Karɓi, 'yata. Sai mu tafi. Jirgi na jira."

Ta ɗaga nata tsinken.

Sau ɗaya tak a rayuwata na miƙa wa wani abu daga tsinke zuwa tsinke. Ranar da aka ƙona gawar mijina ne, ni da ɗana muna tsince ƙasusuwansa. Ba a yi wa mai rai haka.

Genzo ya daskare da wuƙa a hannu. Kwanon gishiri na can waje a kan benci. Ko na ruga ba zan dawo a kan lokaci ba.

Saura kamar faɗin yatsa biyu tsinkayen su haɗu.

Na make hannunta. Tsinkenta ya faɗi ƙasa. Na shiga tsakaninsu na tara tafin hannuna a ƙarƙashin shinkafar.

"Malam, wannan tana da gida, kuma ba ita kaɗai ba ce a jikinta," na ce. Na faɗa masa yadda nake faɗa wa duk baƙon da ya saɓa doka. "Ba a tafiya da kowa daga shagon nan."

Idonsa ya dawo kaina. Babu haske a ciki.

"Shekara goma sha tara ina sauka," ya ce. "Ba wuta a ƙofata."

"Gidana yana bayan wurin wanka, mai shuɗin rufi. Akwai wuta. Ka zo can."

Ƙararrawa na ta bugawa.

Ya saki shinkafar a tafina.

Sanyinta ya ratsa har kafaɗa. Na kai baki na cinye, ina kallonsa. Toka ce, da ɗanɗanon ƙasa.

Kujerar ta sake yin ƙara. Ƙararrawa ta yi shiru. Ƙwari suka ci gaba da kuka, farin farantin ya bi bel wayam.

Mitsuyo ta yi ajiyar zuciya tana murza hannu. "Kaka, me na yi kuma kika doke ni?"

"Kin mayar da faranti kan bel," na ce. "Ɗauki jakarki. A gidan Genzo za ki kwana."

"Matata ta iya miyar da masu ciki ke so," in ji Genzo. Ya kwance ɗamarar aikinsa.

Ni kaɗai na koma gida. Na kunna wuta biyu a ƙofa, na ajiye kwano biyu, ɗaya na mijina, ɗaya na wanda ban san sunansa ba. Da safe na tarar da sawun ruwa daga ƙofa zuwa gaban kwanon.

Mitsuyo ta haihu a watan Disamba, mace, lafiya lau. Har yau ba ta san abin da ya faru ba, cewa take yi na cika faɗa. Na hana ta zuwa garin nan a kwanakin Obon, ta yi fushi, na bar ta da fushinta. Ni kuwa tun ranar ban ƙara jin ɗanɗanon shinkafa ba, kuma tafin hannuna na dama ba ya ɗumi ko a cikin ruwan zafi.

Farin farantin shago yanzu yakan yi ta zagayawa har mu tashi, ba a taɓa shi ba. Matattun sun daina tsayawa a tasha. Shekarar farko sawun mutum ɗaya na goge a gidana. Bara na mutum uku ne. Bana na sayi kwanuka shida, kuma ban tabbata za su isa ba.