Tsumma da Jan Zare

Tsumma ta dawo gida! Ko kayan makaranta ban cire ba, sai na ba ku labari tukuna.

Tsumma kyanwata ce. Umma tela ce, ita kuma kullum cikin kwandon ƙyallayen Umma take kwana, shi ya sa sunan ya bi ta. Umma ta sha ce min kar in yi mata wasa da zare. To, ran nan na ɗauki jan zare, ina ja tana bi. Ƙawata ta kira ni, na yar da shi na fita.

Washegari Tsumma ta ƙi cin abinci. Kifi ma shinshinawa kawai ta yi. Ta yi amai, ta sake yi, ta shige ƙarƙashin keken ɗinki ta lafe.

Yaya ya ce, "Ƙyale ta, ci ne ya yi mata yawa. Halin uwar ɗakinta ta ɗauko."

Na taɓa cikin Tsumma, ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Tana buɗe baki na hango jan zare a ƙarƙashin harshenta. Na kai hannu zan ja, Umma ta riƙe ni.

"Kul, Auta. Kin san inda ɗaya bakin zaren yake?"

"Umma, ni ce na..."

"Faɗanki na nan yana jiranki. Ɗauko tawul."

Muka naɗe ta, Abba ya kai mu wurin likitar dabbobi. Na faɗa mata komai, ban ɓoye ba.

Ta ce, "Wani ya ja zaren?"

Na ce a'a.

"Madalla. Da an ja, zai iya yanka mata hanji. Da kun bari sai gobe kuma, da labarin ba haka ba."

Aka yi mata aiki, aka riƙe ta a can. A aji Malama tana magana, ni hankalina na wurin Tsumma.

Yau ina shigowa na same ta a kwandonta. An aske mata ciki, an sa mata wani abu kamar mazurari a wuya don kar ta lashi ciwon. Har ta ɗan ci abinci.

Umma ta sa tabarau ta duba ɗinkin da aka yi wa Tsumma a ciki. Ta ce, "Hannun likitar nan ba laifi. Ni dai da na ƙara matse nan."

Abba ya yi dariya har da tari.

Faɗan ma ya iso. Daga yau ni ke tsince zaren ɗakin ɗinki kullum. Na yarda.

Na dai koyi abu: dabba ba ta da bakin cewa ba ta da lafiya. In ta ƙi ci, tana ta amai, tana ɓuya, a gaya wa manya, a kai ta wurin likita nan take.

Bari in je, Tsumma ta maƙale a ƙofa da mazurarinta.