Tsoho Mai Ido Ɗaya

"Baba, kar ka ƙone! Don Allah kar ka ƙone!"

Ban san lokacin da na faɗo zaure ba. Mahaifina na tsaye da littafin Illiya a hannu, garwashin shayi na ci a gabansa. Illiya, wanda nake so kamar raina, yana durƙushe gumi na zubo masa. Bahago kuwa, ɗan kasuwar gishirin da na ƙi tun bara, ya naɗe ƙafa a tabarma yana jan carbi, sai ka ce ba shi ya haɗa wutar ba.

Illiya ma'aikacin biro ne, wato ofis, a wurin Nasara. Wani malaminsu a lakwal, makarantar boko, ya taɓa ba shi tatsuniyoyin mutanen can ƙarshen arewacin Turai, ƙasar ƙanƙara da ƙatti. Abin ya shiga ransa har ya kama rubuta nasa labarin da Hausa. Duk zuwa zance sai ya karanta min, ni kuma in lumshe ido in ce, "Ya yi daɗi, masoyina."

Wata shida ina shirga masa wannan ƙaryar.

"Kadidiya!" Baba ya daka min tsawa. "Bahago ya ji da kunnenshi. Sarkin labarin nan ido guda gare shi, shina yawon duniya. Wa ke da ido guda in ba Dujal ba? Ni in ba da ɗiyata ga mai yi ma Dujal kirari?"

"Baba, wallahi ba..." Illiya ya fara.

"Yi min shiru! Ni ban iya boko ba. Ke kin ji shi duka, hwaɗi min abin da ke ciki. In na ji ƙanshin ƙarya, shi da ƙofar gidan nan har abada."

In na yabi littafin, Baba zai ce so ne ya rufe min ido. In na faɗi gaskiya, Illiya na ji.

Na sunkuyar da kai.

"Baba, Dujal abin tsoro ne. Wannan tsohon ko akuya ba zai firgita ba."

Illiya ya ɗago a razane.

"Rabin labarin zancen ƙanƙara ne, shi da bai taɓa ganinta ba. Ƙattin sun yi yawa, sunayensu kamar ana tari. Matan ciki ba su da aiki sai kuka da kawo abinci. Sau uku ina gyangyaɗi, Baba, sai in ce masa lumshe ido nake."

Bakina ya ƙi tsayawa.

"Wuri guda ne ya taɓa ni. Tsohon ya yi tafiyar kwana arba'in, ya iso wata rijiya. Mai rijiyar ya ce ba kurɓi sai da ido. Ya cire ya ba shi, ya sha. Ruwan kuma ya nuna masa ranar da 'ya'yansa za su mutu. Ya zauna bakin rijiya yana kuka da idon da ya rage. Nan kam na yi kukan gaske."



Shekara ashirin Baba yana bin ayarin gishiri zuwa Fachi, a hanyar ya binne ƙanensa da ƙishirwa ta kashe. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Na ga wanda zai ba da idanu biyu," ya ce a hankali. "Wannan ba Dujal ba ne. Bawan Allah ne ƙishirwa ta kama."

Ya miƙa wa Illiya littafin. Bahago ya tuna wai yana da baƙi a kasuwa.

Illiya ya yi godiya, ya fita. Ko kallona bai yi ba.

Kwana tara bai zo ba!

Na kasa ci, na kasa zama wuri guda. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in leƙa ƙofa in dawo. Inna ta ce zan cinye mata dokin ƙofa da ƙafa. Na ceci aurena a hannun Baba, na kashe shi da bakina, haka nake ta faɗa wa kaina.

Rana ta goma da la'asar na ji sallamarsa. Ya rame. Littafin ma ya rame.

"Wata shida, Kadidiya..."

"Tsoron rasa ka nake, Illiya." Hawaye suka ɓalle min. "Ka yafe min."

"Na yage shafi talatin. Kowane shafi sai da na yi fushi da ke." Ya yi murmushi, idonsa ja. "A biro kowa ya ce ya yi kyau, ba wanda ya san ko akwai rijiya a ciki. Ke kaɗai kika saurare ni, ko da kina barci."

Na yi dariya cikin kuka.

"Magabatana za su zo Jumma'a, abar ƙaunata. In kin yarda da marubuci maras gwaninta."

Na yarda. An ɗaura aurenmu nan unguwarmu Dagmanet da ayarin gishiri ya dawo.

'Ya'yanmu huɗu yanzu, littafin bai ƙare ba. Duk ranar da ya ce ya gama, sai in ce masa saura gyara.