Notin da Ba a Ɗaure Ba

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya gama ganin duniya!"

Muryar Babakura ce, shugaban tawagar 'yan fashi, daga cikin rumfar Alhaji Abdulsalami, dillalin shanu a kasuwar Gamboru. La'asar sakaliya. A garin da dokar hana fita ke kamawa da magariba, ɓarawo ma da rana yake aikinsa.

Mukhtari na bakin titi cikin mota, inji a kunne. Shi ne direba. Ya taka birki don ya ji lafiyarsa, ƙafarsa ta nutse a hankali kamar ya taka taɓo. Tun da safe ya ga danshi a bayan tayar baya ta hagu, ya ce a bari ya duba. Babakura ya ce, "Ƙara mata man birki kawai, ba Kano za mu ba."

Tau! Tau!

Babakura ya fito a guje da jaka. A bayansa Hamisu, wan Mukhtari ciki ɗaya, yana jan ƙafa, wandonsa jina-jina. Wani mahauci ne ya kai masa sara a cinya.

"Ja mu, ɗan iska! Ja!"

Mukhtari ya figi mota. A kwanar farko ya taka birki, babu komai! Ya sauke giya, inji ya yi kuka, suka goge jikin wani keke mai ƙafa uku suka wuce.

"Oga, birki ya tafi!"

"Ya tafi gidan ubanwa?"

"Man ya tsiyaye. Na faɗa maka tun safe!"

A Gamboru kuwa, Alhaji Abdulsalami na kwance a kan tabarmarsa, mutane na danne masa ciki da rawani inda harsashi ya shiga. Sajan James na 'yan sanda ya iso da mutanensa. Ya tsuguna inda motar ta tsaya, ya dangwali ɗigon da ke ƙasa, ya shinshina.

"Man birki ne," ya ce wa 'yan gora, samarin unguwa masu sintiri. "Ba za su yi nisa ba. Ku duba kowane lungu."

Da giya ɗaya Mukhtari ya lallaɓa motar har cikin wani kango a unguwar Jiddari Polo, ya bar ta ta daki tulin yashi ta tsaya. Ya leƙa baya. Leɓen Hamisu ya yi fari.

"Ya Hamisu, kana ji na?"

"Kai ni wajen Phoebe," Hamisu ya ce da ƙyar. "Sanyi nake ji."

Phoebe tsohuwar nas ce mai ɗinke rauni ba ta tambaya. Amma gidanta na bayan shingen sojoji. A rufe Hamisu da bargo a ce marar lafiya ne, wataƙila a wuce. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a doshi shingen da motar da ba ta tsayawa. Tun da aka fara kai musu motoci ɗauke da bam, soja ba ya tambayar irin wannan mota komai. Wuta yake buɗewa.

Mukhtari ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi. Ya bi bututun birki da yatsa, tun daga gaba. A bushe. A bushe. Dab da tayar baya ta hagu yatsansa ya yi santsi.

"Oga, taka!"

Babakura ya zauna a kujerar direba ya taka. Mai ya yi tsartuwa daga wata 'yar tsaga, ya fesa wa Mukhtari a fuska.

"Na gan shi! Tsatsa ta ci bututun."

"To ɗaure shi da leda mu tafi."

"Leda ba ta riƙe birki, oga. Kashe layin zan yi."

Ya karya bututun a saman tsagar, ya lanƙwasa bakin, ya matse da filaya. Tayar nan ta fita daga lissafi, sauran za su riƙe. Ya buɗe bonet ya juye ragowar man da ya saya da safe.

"Shi ke nan?"

"Saura iska. Ta shiga layi, sai an fitar da ita. Ka yi ta takawa, in na ce riƙe ka riƙe. Ni zan kwance ɗan notin da ke jikin taya, iska ta fita, in ɗaure. Kar ka ɗaga ƙafa sai na ce."

"Yau ni ne yaronka ke nan."

"Yayana ne ke zubar da jini a bayanka!"

Ya koma ƙasa wajen tayar dama.

"Taka! Taka! Riƙe!"

Ya kwance noti da 'yar ƙaramar sifana. Fusss — kumfa. Ya ɗaure.

"Yaya ka ji?"

"Ya fara tauri."

"Saura sau ɗaya. Taka! Riƙe!"

Ya sake kwancewa. A daidai nan usur ya tashi a bayan katanga. Firrr! Firrr!

"Ga sawun taya nan! Suna ciki!"

Mukhtari ya ji inji ya tashi a kansa.

"Oga, tsaya! Ban ɗaure ba —"

Motar ta yi baya. Ya mirgina, taya ta wuce dab da kunnensa. Babakura bai ko waiwayo ba. Ya ji birki ya yi tauri ɗazu, ga jaka a gefensa, me zai yi da direba kuma? Ta tagar baya Mukhtari ya ga tafin hannun Hamisu manne da gilashi.

Ya bi su da gudu. "A buɗe yake! Notin a buɗe yake!"

A kan yashi, layin ɗigon mai ya miƙe ya bi motar har titi. Duk takun da Babakura zai yi, a ƙasa man zai zuba.

Gora ta sauka a bayan Mukhtari. Ya faɗi, aka danne shi. Bai yi kokawa ba. Kunnensa na can wajen shinge.

Sai ga hon. Dogo, ba yankewa, irin na mai roƙo.

Sannan bindigogi suka amsa. Suka daɗe suna amsawa.

Hon ɗin ya yi shiru.

Alhaji Abdulsalami ya cika kafin a kai shi asibiti, ya bar gida cike da 'ya'ya. Babakura ya mutu riƙe da sitiyari, ƙafarsa a kan birki har ƙasa. Gawar Hamisu na bayan mota ƙarƙashin bargo. Ba wanda ya yarda a matsa kusa da motar sai washegari, don tsoron bam, kuma ba a ba kowa gawa ba. Uwar Mukhtari da Hamisu a unguwar Limanti ta ajiye musu tuwo a kwano ɗaya, kamar kullum.

A bayan motar 'yan sanda, Sajan James ya lura da hannun Mukhtari a dunƙule.

"Me ka ɓoye? Buɗe!"

Sai da aka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. 'Yar ƙaramar sifana ce, jiƙe da mai.

Mukhtari ya kalle ta.

"Rabin juyi ya rage, yallaɓai," ya ce. "Rabin juyi kawai."