Shinkafar da Ta Tsaya a Ƙirji

Odile ta dafa bangon banɗaki, ta sunkuya. Shinkafar ta dawo yadda ta haɗiye ta, fara tas, ko tsami ba ta yi ba. Ba wani yunƙuri ta yi ba, abin da kansa yake hawowa.

"Sannu, amaryarmu..."

Delphine ce a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa tana murmushi. Ita ce yarinyar da Mis Eula Fontenot ta riƙe a coci ranar baftisma, kuma duk unguwar bakin ruwa an san ita tsohuwar ta so ɗanta Alcide ya aura, kafin ya je ya ɗauko 'yar masunci.

"Kada ki gaya mata," in ji Odile, tana goge baki. "Don Allah, Delphine."

"Ni? Me zan ce? Ai ta ji da kunnenta."

Ta kuwa ji. Odile ta koma teburin. Mis Eula ta janye kwanon gumbo, miyarsu ta kuɓewa, daga gabanta, ta juye wa kare a ƙofar kicin. Ta ce tun asuba take tsaye kan tukunyar nan tana yanka kuɓewa, kuma tunda aka kawo ta gidan nan amarya ba a taɓa mayar mata da girki ba. In tuwon gidansu Fontenot bai kai a ci ba, ƙofa a buɗe take.

Alcide ba ya nan balle ya ce wani abu. Tun kafin azumin coci kamfaninsu ya tura shi rijiyar mai can tsakiyar teku, nesa da gida, inda sai an yi sa'a waya take shiga. Kafin ya tafi ya sa wa Odile zoben kakarsa na alkawarin aure a kan jirgin ruwan babanta, ya ce, "Ki riƙa zuwa wajen Mama duk Lahadi, masoyiyata. Da ta saba da ke shi ke nan."

Ta riƙa zuwa. Duk ranar da tsohuwar ta zuba mata ragowar abinci ta tafi da shi, ba ta mayar da kwanon haka nan, sai ta sa wainar ɓaure ko soyayyen jatan lande a ciki, don a nan ba a mayar wa mutum kwanonsa ba komai sai in an gama da shi.

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko nama ne yake tsaya mata a ƙirji, sai ta kora da ruwa. Daga baya burodi. Daga baya ruwan ma. Ta koyi cin abinci a tsaye, tana ɗaga haɓa tana miƙe kafaɗu har sai ta ji wani abu ya ɗan zurara. Da safe takan tarar matashinta ya jiƙe. Yunwa kuwa kamar ta kashe ta. Ta rame har zoben ya fara zamewa, ta naɗa masa zare daga ciki don ya zauna.

Babanta ne ya kai ta asibiti da ƙarfin tsiya. Dakta Pham, wata 'yar tsohuwa mai magana ƙasa-ƙasa, ta saurare ta, ta ce sai an ga hanyar abincin. Za a ba ta wani farin ruwa mai kauri ta sha a gaban na'urar hoto, a kalli yadda yake sauka daga maƙogwaro zuwa tumbi. Ta zo ba ta ci komai ba.

A ɗakin hoton nan Delphine take aiki.

Doka ce a wurin, duk macen da za a haska sai an tambaye ta ko tana da juna biyu, a kuma gwada fitsarinta, saboda hasken yana cutar da ɗan tayi. A ɗaki ake tambaya, ƙofa a rufe. Delphine ta fito har wurin zaman jira, inda mata biyu 'yan ƙungiyar cocin Mis Eula suke zaune, ta ɗaga murya.

"Odile Verret, kin tabbata ba ki da juna biyu? Ki tuna da kyau fa."

Odile ta ce ta tabbata. Delphine ta shige da ita ciki, ta bar ta zaune cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya har sanyi ya kama ta, sannan ta dawo ta ce na'urar ta sami matsala, sai wani makon. Odile ta sa kayanta ta fito. Matan nan biyu suka bi ta da kallo har ƙofa.

Da yamma Delphine ta je gidan Mis Eula ta taya ta gyaran wake. Ta ce ita ba ta isa ta yi maganar marasa lafiya ba, aikinta zai tafi. Abin da kawai za ta iya faɗa, Odile ta zo hoto an mayar da ita gida ba a haska ta ba.

"Me ke sa a mayar da mace?" in ji tsohuwar.

"Nanan," in ji Delphine, da sunan da suke kiran uwar baftisma, "kar ki sa ni a uku. Ke ma kin haihu."

Kafin Lahadi maganar ta zaga coci, ta zaga shagon gyaran gashi, ta isa bakin ruwa inda ake sauke jatan lande. Yarinya tana amai, saurayinta ya yi watanni a teku, asibiti sun ƙi haska ta. Kowa ya iya lissafi.

Alcide ya dawo ranar Asabar. Odile ta sa rigarta mai ruwan ɗorawa, ta ɗaure ta da ɗamara don kada ta yi mata yawa, ta tsaya jiransa a ƙofar gida. Motarsa ta tsaya. Bai kashe ta ba, bai fito ba. Ita ta zagaya ta shiga.

Ya yi baƙi, ya tara gemu. Ta kai hannu za ta taɓa fuskarsa, ya kauce.

"Na waye?"

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba.

"Alcide... ka dube ni mana. Ka dubi hannuna."

Bai duba ba. Ya ce shi ba yaro ba ne, mace takan rame a farkon ciki, haka matar abokinsa ta yi. Ya ce yana can yana kwana cikin ƙarar injin yana tara kuɗin gida, ashe nan ana yi masa dariya. In ta faɗi sunan mutumin yanzu, wataƙila ya iya yafewa.

"Abinci ne ba ya wuce min. Tun yaushe nake gaya maka a waya?"

"Kin ce ƙwannafi ne."

"Don kada hankalinka ya tashi kana kan ruwa."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ta zauna tana kallon hannunsa a kan sitiyari, hannun da ta sani kamar nata. Sannan ta ce an sake ba ta rana, Laraba. Ya zo ya gani da idonsa. Ya ce zai zo, kuma da Mama zai zo. Amma gobe Lahadi ta zo gida ta zauna a teburi kamar kowa, in tana da gaskiya.

Ta je. Dangi sun cika gidan, har da waɗanda ba sa zuwa. Mis Eula ta cika mata kwano da shinkafa da gumbo har yana zuba, ta ja kujera ta zauna kusa da ita, ta ce yau ba mai shiga banɗaki. Odile ta ci. Loma ɗaya, ruwa, loma ɗaya, ruwa. Ƙirjinta ya cika kamar an tura mata dutse, gumi ya keto mata, idonta ya kawo ruwa. Delphine tana ba wani kawu labari suna dariya. Alcide yana kallon kwanonsa. Ta cinye tas, ta danne abin da haƙora har ta isa motar babanta. Rabi ya fito a bakin hanya. Rabi ya ƙi fita, ya kuma ƙi sauka.

Daga ranar ba ta sake sa komai a baki ba sai ruwa da romo.

Ranar Laraba Dakta Pham da kanta ta shigo ɗakin hoto, don ta duba ta ga ba wanda ya rubuta cewa na'ura ta lalace a makon jiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa wa Delphine 'yar kwalbar gwaji, ta ce ta gwada a gabanta ta faɗi sakamakon. Delphine ta faɗa, murya can ciki.

Aka tsayar da Odile a jikin wani allo mai sanyi, aka ba ta kofi. Ruwan fari ne, mai nauyi, ɗanɗanonsa kamar an dama alli. Likitar hoto ya ce ta cika baki ta riƙe, sai ya ce ta haɗiye. Ta haɗiye. Aka juya ta gefe, ta ƙara. Aka kwantar da allon da ita a kai, aka sake tayar da shi. Sannan aka bar ta tsaye ana jira, ana sake ɗauka.

A ƙaramin ofis Dakta Pham ta kira su, bayan ta tambayi Odile ko ta yarda su shigo. Mis Eula ta zauna da jakarta a cinya. Alcide ya tsaya a bayanta. Likitar ta juyo musu da fuskar kwamfuta.

Ta nuna da biro. Ta ce wannan ita ce hanyar abinci, a lafiyayyen mutum da kaɗan ta fi kaurin babban yatsa, kuma tana matsa abinci ƙasa da kanta. Ta Odile ta buɗe ta saki kamar tsohuwar safa. Can ƙasa, inda take haɗuwa da tumbi, akwai wata ƙofa ta tsoka da take buɗewa in an haɗiya. Jijiyoyin da suke ba ta umarni sun mutu, ta kulle. Farin ruwan ya taru ya tsaya, ƙarshensa ya tsuke siriri kamar bakin tsuntsu, ɗigo-ɗigo kawai yake wucewa.

"Waɗannan tabo-tabon da ke yawo a cikin farin fa, abinci ne," in ji ta. "Odile, kin ce ba ki ci komai ba?"

"Tun Lahadi."

"To na Lahadi ne."

Odile ta juya ta kalli tsohuwar.

"Ga shinkafarki nan, Mis Eula. Ban zubar duka ba."

Tsohuwar ta gyara riƙon jakarta. Alcide ya matso kusa da hoton, ya ƙura masa ido, yana neman abin da ya kawo shi.

"Likita, wato dai... babu ciki?"

Dakta Pham ta cire tabarau ta dube shi. Ta ce da akwai, da ba a haska ta ba.

Ya saki ajiyar zuciya mai ƙarfi, ya dafa kai, ya fashe da dariya. Ya zagayo ya rungume Odile ta baya yana sumbatar gashinta, yana cewa ya sani, wallahi can cikin ransa ya sani, masoyiyarsa ba za ta yi masa haka ba. Ya ce, "Mama, kin gani ko?" Mis Eula ta ce ta gani, amma ita tambayarta ɗaya ce, macen da ba ta iya cin abinci za ta iya ɗaukar ciki ta shayar?

Odile ta zauna cikin hannuwansa tana jira. Ta jira ya tambayi ko ana warkewa. Ta jira ya tambayi ko da zafi. Hoton yana nan a gabansa, ƙirjinta a buɗe kowa yana gani. Shi kuwa har ya fara maganar ranar da za a ga fada, limamin coci, a sa bikin.

Likitar ce ta faɗa ba tare da an tambaye ta ba. Jijiyoyin ba sa dawowa. Za a yi aiki a tsaga tsokar ƙofar don abinci ya riƙa wucewa, kuma har ƙarshen rayuwarta a hankali za ta riƙa ci.

A wurin ajiye motoci Odile ta tsaya. Ta ja bakin zaren da ta naɗa, ta warware shi. Ta sauke hannunta kawai, zoben ya zame da kansa ya faɗa tafinta. Ta sa masa a aljihun riga.

"Haba, Odile! Ba ga shi an wanke ki ba?"

"An wanke ni."

"To mene ne kuma? Na ce ki yi haƙuri. Ko ban ce ba?"

"Ba ka ce ba."

Ya ce to yanzu ya ce. Ya bi ta har motar babanta yana kiranta da duk sunayen da yake kiranta da su a kan jirgi. Tsohon ya tayar da mota bai ko kalle shi ba.

An yi mata aikin da bazara. Alcide ya kira ta sau da yawa a makon farko, ya rage a na biyu, daga nan ya daina. An ja wa Delphine kunne a wurin aiki, aka mayar da ita wani sashe, iyakar abin ke nan. Kafin sanyi ya shigo fada ya sanar da bikinsu a coci, Delphine da Alcide, da zoben kakarsa, wanda ya zauna mata daidai.

Ranar bikin da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata maƙwabciya ce da kwano a rufe, tana sunkuyar da kai. Ta ce Mis Eula ta ce a kawo wa mara lafiya, kada a ce an manta da ita.

Babanta ya miƙe zai watsa shi a ruwa. Odile ta ce ya bari.

Ta zauna a teburin kicin ta buɗe. Shinkafa ce da gumbo, da zafinsa. Ana jin kiɗan bikin daga ƙetaren ruwa. Ta ɗebi rabin cokali, ta tauna sosai, ta haɗiye, ta dafa ƙirji tana saurare. Ya wuce. Ta ƙara. Ta daɗe a kai, har abincin ya huce, har hawayen da ya fara zubo mata ya bushe. Ba ta rage ko ƙwaya ba.

Da safe ta wanke kwanon, ta goge shi har yana ƙyalli. Akwai wainar ɓaure a kan teburi, babanta ya dube ta ya dubi wainar. Ta ɗauki kwanon haka nan, ta taka har gidansu Fontenot, ta ajiye shi a kan matakala, a buɗe, inda duk mai wucewa zuwa coci zai gani.