Kwalabe Masu Hoton Hannu

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka kawo wa makarantarmu ta wajen Ƙofar Guga sabbin sinadarai, kowace kwalba da tambarin haɗarinta da takardar bayaninta. Ni Nu'uman ke riƙe da makullin ɗakin gwaji, don haka ni na jera su. Mai hoton wuta nesa da zafi, mai ƙoƙon kan mutum cikin kabad, mai hoton hannun da ruwa ke ci kuwa can ƙasa, domin asid ne, fata yake ƙonawa.

Masu hoton hannun ne suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Shugabar makaranta, Hajiya Furera, ba ta ce ni ne ba. Ta dai tambaye ni ko har yanzu ƙanena na sana'ar cajin batirin mota, mai buƙatar asid, sannan ta ce in ba su fito kafin Juma'a ba, a bakin aikina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ni kuma na ɗora zargina kan Yahaya mai gadi, mutumin da ko tsintsiya ta ɓata sai ya rantse tun ba a tambaye shi ba.

Ran Laraba ɗalibai suka gama gwajin yamma, suka tuttule ragowar kofunansu a kwamin wanki kamar kullum. Yaran da a gida ba sa zubar da ruwan zafi da magariba sai da bismillah, nan asid suke zubarwa suna dariya. Bututun kwamin kuwa wani tsohon rami yake faɗawa a gindin ganuwa. Suna fita na kulle ƙofa ta ciki, na laɓe bayan kabad ina jiran in kama Yahaya.

Aka kira magariba. Famfon da ya kwana biyu bai kawo ruwa ba ya fara ɗiga.

Sai warin laka ya cika ɗakin, da ƙauri kamar ana babbaka.

Ban ji motsin ƙofa ba. Mace na gani tsaye gaban kwalaben, da goyo, ta riƙe takardar bayanin asid a juye. Ba ta waiwayo ba.

“Malam, fito,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Kai ka iya karatun nan.”

Ƙafafuna suka kai ni, ban aike su ba.

“Kun zana hannu a jikin kwalba, ashe kun san aikinta. Me aka ce a yi wa wanda ta zubo wa?”

Ta zaro hannun goyon. Yatsun sun yi tsawo da yawa, fatar duk ta saluɓe.

Na karanta mata: a cire tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa a wurin, kada a shafa komai.

“Toka muka sa,” ta ce.

Famfon ya ɓarke. Ta tara hannun. Kukan bai fito daga bayanta ba, daga cikin bututun ya taso, kuma ba na yaro ɗaya ba ne.

“Saura ka faɗa mini sunayen masu zubowa.”

Na san su duka, har da iyayensu. Na ƙi ba ta ko suna ɗaya.

Ta fara juyowa.

Ban tsaya ganin fuskar ba. Ta taga na fita, gilashi ya yanke ni a cinya, a gindin darbejiya Yahaya ya tsince ni.

Da safe aka tarar da kwalaben jere a bakin ƙofa, ko murfi ba a buɗe ba. Ranar na toshe bututun da siminti, ragowar gwaji kuwa sai cikin jarka. Hajiya Furera ta gode wa Allah da ɓarawon ya ji tsoronsa ya maido kaya, kuma ni take kallo tana faɗa. An bar mini aikina. Makullin kuwa har na yi ritaya a hannun Yahaya nake roƙonsa.